Amsa ga mai tambaya kan horar da yara ƙwallo da riƙe sana'a

Salam ɗan'uwa, ka ce wai mutum zai iya riƙe yara a ƙwallo kuma sana'arsa ba ta kwanta ba? Wallahi zai iya. Ni baduku ne a wajen Gumel, shekara 19 ina horar da yaran ƙauyenmu bayan la'asar a filin firamare, in ƙwallo ta yage da basilla da zare nake ɗinke ta suna kallo, har biyu cikinsu suka koya, yanzu takalma suke yi suna ci da iyayensu. Amma fa ranar Alhamis ba tirenin, kasuwar Maigatari nake kai kaya. Da damina kuma sai yara sun taso daga gona, kar ka ja da iyayensu kan wannan.