Ku Tambayi Bakanike: Zan iya canza fulogin motata da kaina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a nan Zariya, ina da 'yar Corolla ƙirar 2006 da nake lallaɓawa. Kwanan nan in na tada ita da safe sai tai ta karkarwa a silo, in na taka kuma tana fizga, ga shan mai ya ƙaru. An sa mata kwamfuta an ga P0302, yaron da ya sa kwamfutar ya ce fulogi ne. Ni kuma lokacin zaman gareji wuya yake min saboda aiki. Don Allah zan iya canzawa da kaina ran Asabar ko kar na taɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka wa malamai da alheri. Zaka iya wallahi, kuma ina ƙarfafa maka gwiwa ka yi, don a duk aikin inji babu mai sauƙin wannan a irin motarka, fulogi huɗu ne a jere a saman inji suna kallonka, ba sai ka shiga ƙarƙashin mota ba. Amma akwai wuri ɗaya tak da nake jin tsoro, kuma a kansa zan fi daɗewa in mun zo.

Bari mu fara da lambar nan tukuna. P0302 ba ta ce fulogi ba, abin da ta ce shi ne silinda ta 2 ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Zai iya zama fulogi, zai iya zama koyil ɗin da ke zaune a kansa yana ba shi wuta, wani lokacin ma nozul ne mai fesa fetur. Kuma gwajin kyauta ne, ka ɗauke koyil na 2 ka kai shi gurbin na 3, na 3 ya dawo na 2, a goge lambar ka ɗan zaga gari. In ta dawo P0303 toh ciwon ya bi koyil, ko ka zuba sabbin fulogi goma ba zata daina misin ba. In ta tsaya a P0302 sai mu koma kan fulogi. Ƙirgen silinda daga ɓangaren da bel da janareton caji suke ake farawa, wato nan ne lamba 1.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana lamba 10 ta kwance murfin roba na saman inji da notin koyil, sai soket ɗin fulogi lamba 16 mai roba ko maganaɗisu a ciki da doguwar sandarsa, don ramin yana da zurfi. Ka nemi guntun tiyo kamar tsawon taƙi ɗaya wanda kan fulogi zai shiga ya kama, da tsumma mai tsabta, da famfon keke in akwai na yara a gida. Masu Corolla daga 2009 zuwa sama ku lura naku galibi lamba 14 ne, fuloginku siriri ne dogo, ba iri ɗaya bane da na Malam. Naka Malam injin 1ZZ ne, irin na cikin Vibe, abin da Toyota ta rubuta masa shi ne Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, dukansu iridiyum ne, kuma 11 ɗin nan na ƙarshe tana nufin tazarar bakinsa milimita 1.1 ce, daga kamfani a saite yake zuwa kar ka bari kowa ya ce zai bubbuga maka shi a kan dutse.

Ka yi aikin da sassafe kafin ka tada motar, inji a sanye ƙalau. Dalili kuwa tof silindar motarka alminiyum ce, fulogi kuma ƙarfe ne, in da zafi alminiyum ya fi saurin ciwo, sai ka fito da fulogi ka ga haƙoran tiredi sun biyo shi kamar ɓawon albasa. Ka zare makulli ka sa a aljihu. Ka danna ɗan harshen soket ɗin wayar koyil ka ja a hankali, robar nan ta shekara wajen 20 tana shan zafin inji da ranar arewa, ƙas take karyewa, kar ka ja ta waya. Ka kwance notin, ka ɗan murɗa koyil ɗin hagu da dama ka zaro shi sama.

Yanzu kafin soket ya shiga, haska ramin da fitilar waya ka leƙa. Mu da muke cikin ƙura, musamman bayan hunturu, zaka tarar da yashi ya kwanta a gindin fulogi, kuma da zarar ka cire shi duk yashin nan cikin silinda zai zuba, can kuwa ba mai share shi sai ringi da bango. Ka hura da famfo har ya fita. Sannan ka kwance fulogin, hagu ake yi. In ya ƙi motsi kar ka ƙara wa sifana bututu ka hau kai, ka fesa masa ɗan man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci, ka riƙa yi gaba kaɗan baya kaɗan har ya saki. In ka ji yana ƙara tauri maimakon sauƙi, tsaya nan, mayar da komai ka kai gareji, ba abin kunya bane.

Toh ga wurin da nake jin tsoron. Ɗaura sabon fulogi da hannu ake farawa, ba da sifana ba, ko da wasa. Ka cusa kansa cikin tiyon nan ka zira shi a ramin a hankali, kar ka sake shi ya faɗa don bakinsa zai iya matsewa ko farin tangaran ɗin ya tsage, sai ka murza tiyon da yatsu biyu. In ya hau tiredi daidai zaka ji yana tafiya sumul kamar murfin kwalbar turare, zagaye bayan zagaye har ya zauna. In ya hau a karkace zai cije tun zagaye na ɗaya ko na biyu, tiyon sai ya riƙa sulluɓewa, kaga ya cece ka kenan, don tiyo ba shi da ƙarfin da zai yanka alminiyum amma sifana tana da shi. Ka warware ka sake. Na taɓa karɓar wata mota da wani bawan Allah ya kawo a jaye, ya ji fulogi ya cije ya ɗauka tauri ne kawai ya danna masa sifana har ƙarshe, bayan kwana biyu yana kan hanya fulogin ya yi tsalle ya fito da koyil ɗinsa gaba ɗaya. Da na zira ɗan yatsa a bakin ramin sai garin alminiyum ya biyo ni yana ƙyalli. Sai da aka sauke tof silinda aka kai wajen masu injin yanka suka dasa sabon tiredi, mutumin nan ya zauna a kan benci ya rafka tagumi, har yau in na tuna fuskarsa sai na ji ba daɗi, don aikin minti 30 ne ya koma na kwana uku da kuɗin da bai shirya ba.

In ya zauna da hannu sai ka sa sifana ka ƙara kamar rabin zagaye, iyaka kashi biyu cikin uku, wannan shi ne abin da NGK ke cewa a kan sabon fulogi mai wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a gindi irin naka. Zaka ji wasar tana matsewa a hankali sannan ta tsaya, toh nan ne. Ba tayar tirela kake ɗaurewa ba. Kuma kar ka shafa masa giris ko baƙin mai a tiredi, yana sa mutum ya wuce ƙa'ida bai sani ba. Ka gama da guda ɗaya, ka mayar da koyil ɗinsa ka ji soket ya ce ƙas, sannan ka matsa na gaba. Duka huɗun zaka canza ba na 2 kaɗai ba.

Tsofaffin kuma kar ka zubar, jera su a kan kwali yadda suka fito ka kalli bakinsu. Mai ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya lau. Baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya fi iska yawa, duba filtar iska da nozul. Baƙi a jiƙe da maiƙo, inji na shan baƙin mai. Fari fat kamar an ƙona shi, zafi ya yi yawa ko fulogin ba lambar motar bane. Abu na ƙarshe Malam, in wutar cek ta fara ƙiftawa kana tafiya maimakon ta tsaya cak, kar ka jira Asabar, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana dafa katalis mai tace hayaƙi, shi kuwa kuɗinsa ya ninka na fulogi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Sannu da ƙoƙari. Ni uwa ce a Gusau, da Civic nake kai yara makaranta. Mai shago ya ce in sayi fulogi mai ƙafa huɗu wai ya fi wuta da rage shan mai, bakanikena kuma ya ce a bar na ciki ya wanke min da fetur da buroshi. Wa zan bi?

Amsa: Hajiya barka da ɗawainiya. Gaskiya ba zan ce ki bi ko ɗaya ba. Mai ƙafa huɗu ba wuta huɗu yake bayarwa ba, duk bugu ɗaya tartsatsi ɗaya ne, yana zaɓar ƙafar da ta fi masa sauƙi, amfaninsa kawai ƙafafun suna raba cinyewa sai ya ɗan daɗe. Akwai injinan da aka ƙera su da irinsa, in naki ba ya ciki ba abin da zai ƙara miki. Ki duba littafin motar in yana nan, ko a ciro guda ɗaya a karanta lambar jikinsa, ko a buga ƙirar motar da shekararta a shafin NGK ko Denso na intanet, lambar da ta fito ita za ki saya. Lambar nan ta ƙunshi tsawon tiredi da yadda fulogin ke fitar da zafi, in ya fi tsawo fistin zai iya dukansa.

Wanki kuma dabarar fita kunya ce in mutum ya maƙale a hanya, ba gyara bane. Buroshi na cire baƙi amma ba ya dawo da ƙarfen da wuta ta cinye, in kuma iridiyum ne tsinin bakinsa bai kai milimita 1 ba, buroshin ƙarfe lalata shi yake. Talakan fulogi na nikel ana canza shi wajen kilomita 20,000 zuwa 30,000, iridiyum na asali kuma yana iya kai 100,000 har ya wuce.

Na ce na asali don jabu ya cika kasuwa, kuma abin yana ci min rai sosai, mace ta tara kuɗinta ta saya da zuciya ɗaya bayan wata biyu mota ta koma gidan jiya. Ki sa a buɗe kwalin a gabanki. Rubutun jikin tangaran ya fito tsaf kar ya goge in an murza da yatsa, tiredi ya zama sumul babu ƙaiƙayi, wasar gindinsa kar ta zame ta faɗo da kanta, huɗun kuma bakinsu ya zama iri ɗaya sak. In aka ce miki iridiyum ne amma kuɗinsa ya yi kusa da na talakan fulogi, ki ajiye masa abinsa. Ki tsaya wa shago ɗaya da zai ba ki rasit kuma ya yarda ki dawo in an samu matsala.

Tambaya: Gaisuwa daga Maraɗi. Na canza buji a Golf 3 ɗina, na cire wayoyin duka lokaci ɗaya, yanzu tana harbi a salansa ta ƙi tashi sosai.

Amsa: Ɗan uwa muna amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ga masu karatu na wannan ɓangaren, buji shi ne fulogi. Kwantar da hankalinka ba abin da ya lalace, wayoyi ka cakuɗa. Golf 3 mai silinda huɗu tana ba da wuta ne a jerin 1, 3, 4, 2, wato a kan murfin distirbuto in ka samu gurbin lamba 1, na gaba da shi ta inda rota ke juyawa na silinda ta 3 ne, sai 4, sai 2. Hanya mafi sauƙi ka samu wani mai irin motarka a tasha ku buɗe bonet ka ɗauki hoto da waya ka bi shi, tsawon wayoyin ma zai taimake ka don kowace da iya inda take kaiwa. Ka daina yi mata kik har sai ka gyara. Kuma kar ka riƙe waya da hannu inji na juyawa, batir bolt 12 ne amma abin da koyil ke turawa ya haura 20,000.

Tambaya: Oga na zaro koyil a motata na ga robarsa sharkaf da baƙin mai, har ya taru a ramin fulogi. Wani ya ce inji ya tafi sai an sauke. Daga wani ɗalibi a Bauchi.

Amsa: Ƙanena kar ka bari a sauke maka inji a kan wannan. In man a saman fulogi yake, wajen tangaran da robar koyil, daga sama ya zubo, gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe, musamman zobban robar da ke zagaye da ramukan. Canza shi ƙaramin aiki ne. Wanda ke nuna ciwon ciki shi ne man da ke can bakin fulogi inda wuta ke tashi, tare da shuɗin hayaƙi a salansa. Kafin ka cire fulogin ka naɗa tsumma a jikin sukundireba ka tsane man tas don kar ya gangara silinda, ka goge robar koyil ka duba ko ta kumbura ko ta tsage, in ta yi laushi kamar danƙo a canza ta tare da gasket ɗin rana ɗaya.