Ciwon hanta nau'in D: amsoshin likita ga masu karatu

Tambaya: Likita, shekara shida ina shan maganin ciwon hanta nau'in B, amma ga shi ƙafafuna sun fara kumbura, an kuma ce in je gwajin nau'in D. Wace cuta ce kuma wannan?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ƙwayar cutar D, wadda likitan Italiya Mario Rizzetto ya gano a 1977, ba ta iya yaɗuwa a jiki ita kaɗai, sai ta ari rigar ƙwayar B sannan ta samu shiga hanta, shi ya sa ba ta kama kowa sai mai ɗauke da B. Idan suka haɗu kuwa, babu ciwon hantar da ƙwayoyin cuta ke jawowa da ya kai su tsanani, domin hanta kan yi tabo ta ƙanƙance da wuri, haɗarin ciwon daji (kansa) kuma ya ƙaru. Maganin tenofovir da ake ba masu B ba ya taɓa D, saboda haka mutum zai iya shan maganinsa ba fashi, gwaji ya nuna B ta kwanta, alhali hanta na ci gaba da lalacewa. Game da kumburin ƙafa kuwa, ka danna ƙaurinka da babban yatsa. Idan wurin ya lotsa bai taso nan take ba, ko idanu suka yi ɗorawa, kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti. Da farko za a duba jini a ga ko ka taɓa haɗuwa da D, sannan a auna ko tana raye. Magani akwai: allurar interferon ta mako-mako har mako 48, mai wahalar da jiki, da kuma bulevirtide da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020, sai dai tsadarsa.

Tambaya: Shin cutar tana da yawa ne, ko abin Turawa ne kawai?

Amsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na masu daɗaɗɗen ciwon B suna da D, wato mutum miliyan 12 ko kusa da haka, kuma Afirka ta Yamma da ta Tsakiya na cikin wuraren da ta fi yawa, tare da Mongoliya. A ganina, babbar matsalarmu ita ce ba ma gwadawa. Sai ciki ya tara ruwa a ce sammu ne ko shawara.

Tambaya: Maigidana yana da B. Yaya zan kare kaina da yara?

Amsa: Hajiya, ku je a gwada ku duka, wanda bai da B a yi masa allurar rigakafi sau uku, domin ita ce ke tare D ɗin ma. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an yi suna ba. Jini ne babbar hanyar cutar, don haka kowa ya riƙe rezarsa da buroshinsa, kuma in wanzami zai yi aski, ƙaho ko kaciya, a ba shi sabuwar reza. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya yaɗa ta.