Epoksi ya ƙi bushewa a kan tebur

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni kafinta ne a Sokoban nan Kumasi. Na zuba epoksi (ruwan da ake zubawa kan katako ya taurare ya yi sheƙi) kan teburin kwastoma, na ƙara hadna (sinadarin da ake haɗa shi da shi don ya taurare) da yawa don ya bushe da wuri, yau kwana uku yana danƙo kamar zuma, sama kuma ya yi fari-fari. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, wallahi na tausaya maka don kayan nan ba arha. Ƙarin hadnan shi ne ya ɓata aikin. A resin ɗin poliyesta (wani nau'i daban da epoksi) ne ƙarin ɗigon sinadarin taurarwa ke sa saurin kamawa, shi epoksi kowane ɓangare sai ya samu abokin haɗinsa daidai, in galan ya ce 2:1, wato awo biyu na ruwan epoksi da awo ɗaya na hadna, to 2:1 ɗin, duk rarar da ta saura haka za ta zauna tana danƙo. Farin nan kuma laimar damina ce ta haɗu da sinadarin amin da ke cikin hadna.

Kankare mai danƙon duka, sannan ka auna sabon haɗi da kofi mai lamba, ka juya kamar minti 3 kana goge gefe da gindin robar da kake haɗin a ciki. Kuma don Allah sa safar hannu, hadna na cin fata.