Amsa: Akilagpa Sawyerr, lauya ne ko shugaban jami'a?

Malam, duka biyun ne. Farfesa Sawyerr ɗan Gana ne, an haife shi a 1939. Ya karanta shari'a a jami'o'in Durham da Landan da Berkeley, ya koyar a Jami'ar Dar es Salaam.

A ganina aikin da ya fito da shi shi ne jagorantar tawagar Gana wajen sake yarjejeniya da Valco, kamfanin alminiyam na birnin Tema, a shekarun 1980. Kamfanin na shan wutar madatsar Akosombo a farashin da bai taka kara ya karya ba, shekara da shekaru, sai da suka zauna aka ɗaga kuɗin.

Ya shugabanci Jami'ar Gana da ke Legon daga 1985 zuwa 1992, zamanin mulkin shugaba Rawlings, daga baya ya zama babban sakataren Ƙungiyar Jami'o'in Afirka, 2003 zuwa 2008.