Zuwa Wadi Disa da mota a zafin Yuli

Malam, ka tambaya ko ƙaramar motarka za ta kai ku Wadi Disa, wani kwari a yankin Tabuk na ƙasar Saudiyya, da iyali a Yuli. Daga Tabuk kwalta ce har bakin kwarin, sama da kilomita 200. Ciki kuwa yashi ne da ruwa mai gudana tsakanin dabino da jajayen duwatsu, sai jif. Ka ajiye taka, ka yi hayar ta mutanen wurin.

Ku isa da sassafe, ku fito kafin rana ta take. Bakanike ya duba lagireto da tayoyi tukuna, tsohuwar taya ba ta jure kwalta mai zafi. Ku yi guzurin ruwa sosai, kada a bar yaro cikin mota ko na minti ɗaya. Wanda jiri ya kama har ya rikice, a kai shi inuwa, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya.