Gonata na kusa da tafkin kifi, wane maganin feshi zan saya?

Tambaya: Ina noman tumatur da barkono a fadamar Hadeja, ƙanena kuma yana kiwon tarwada a tafkin da ke ƙasan gonar. Mai shago ya ba ni zaɓi tsakanin cypermethrin da imidacloprid, ya ce na biyun ba ya taɓa kifi. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, madalla da ka tambaya kafin ka buɗe kwalba. Cypermethrin da ɗan'uwansa lambda-cyhalothrin ka nisanta su da ruwan nan. Kifi yana shaƙar su ta wurin numfashinsa, jikinsa kuma ba ya iya narkar da su da sauri kamar na mutum ko akuya. Ƙasa da kashi 1 cikin biliyan na lambda-cyhalothrin a ruwa ya isa ya kashe wasu nau'o'in kifi. Wani abin da masu shago ba sa faɗa shi ne, dafin irin wannan magani yana ƙaruwa idan ruwa ya yi sanyi, ga shi noman rani a tsakiyar hunturu ake yinsa. Idan ya shiga tafki za ka ga kifi na ta juyi a saman ruwa, yana fizge-fizge, kafin ya juya ciki sama.

Maganar mai shago a kan imidacloprid tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Bai cika kashe kifi kai tsaye ba, sai dai yana narkewa a ruwa, yana kashe 'ya'yan ƙwari da ƙananan halittun da kifi ke ci. An ga haka a tafkin Shinji na ƙasar Japan: daga 1993, lokacin da manoman shinkafa suka fara amfani da shi, waɗannan halittu suka ragu matuƙa, kamun wasu kifaye ya faɗi warwas. Tarwadar ƙanenka tana cin abincin buhu, to da sauƙi. Kifin kogin da masunta ke dogaro da shi fa, wa zai ba shi?

Idan tsutsa ce ke damunka, nemi maganin Bt (wanda ake yi daga wata ƙwayar cuta mai kashe tsutsa) ko na darbejiya, haɗarinsu ga kifi bai kai na su cypermethrin ba. Idan dole sai mai ƙarfi, bar tazarar ciyawa tsakanin kunyoyi da ruwa, kada ka yi feshi da iska ko daf da ban-ruwa. Babbar ɓarna kuwa daga wankin tankin feshi a bakin ruwa take zuwa. Ɗebo ruwa a bokiti ka wanke shi can cikin gona, kwalbar kuma ka huda ta kada yara su ɗauka.

Tambaya: Kwalbar da na saya mai koren layi ce a ƙasa. Ba ta da illa ga kifi ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya. Launin nan, ja, rawaya, shuɗi ko kore, haɗari ga ɗan Adam yake nunawa. Duba ƙananan hotunan da ke jikin takardar, za ki ga hoton kifi idan maganin na cutar da shi. Ki tabbata akwai lambar NAFDAC. Wanda ya kawo miki gamalin ko endosulfan kuma, kada ki karɓa ko kyauta ne: yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa su cikin jerin haramtattu a 2009 da 2011.