Injin Triumph a kan firam ɗin Norton: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau Allah ya ba ni zama. Ka ce ka samu firam ɗin tsohon babur ƙirar Norton ba inji, ga kuma injin Triumph 650 mai silinda biyu da giyabos ɗinsa daban, kana so ka san ko zai shiga, ko kuwa ka kai wa mai walda ya yanke ya daidaita kamar yadda wani ya ba ka shawara. Zai shiga. Amma don girman Allah kada ka bari wutar walda ta kusanci firam ɗin nan.

Ba kai ka fara wannan haɗin ba. Samarin Ingila sun yi ta yin sa tun shekarun 1950 da 1960, har suka laƙaba masa suna Triton, wato kan Triumph da wutsiyar Norton. Irin firam ɗinka, da ake kira Featherbed, wanda Rex McCandless mutumin Belfast ya zana wa Norton a 1950 don tsere, ba shi da na biyu wajen riƙe hanya a kwana, shi kuwa injin Triumph ga sauƙin gyara ga kayansa a wadace. A kan irin wannan babur ne wani ɗan tseren Ingila, Dave Degens, ya ci tseren awa 24 na Barcelona a 1965. Kuma duk abin nan da faranti da noti ake ɗaura shi, ba da walda ba.

Ka ci sa'a da injinka ya zama na kafin 1963, lokacin da Triumph ta haɗe inji da giyabos na 650 a gida ɗaya. Wancan haɗaɗɗen gajere ne, in ka sa shi cikin Featherbed sai ka ga fili a bayansa kamar yaro ya sa rigar babansa. Naka yana cika wurin tsaf. Abin da ban gane ba a hotonka shi ne saman firam ɗin. Akwai na farko mai faɗin bututun sama, akwai wanda aka tsuke wajen zama daga 1960. Tankin mai da kujerar ɗaya ba sa hawa kan ɗayan, don haka ka tantance kafin ka kashe kuɗi.

Yanzu ga inda aikin yake: farantan da ke riƙe inji da giyabos. Ana sayar da su a shirye a Ingila, in za ka iya odarsu ka yi, kawai ka gaya wa mai sayarwa irin firam ɗin da irin giyabos ɗin. Ni taurin kai ya sa na ce zan yanka nawa, na alminiyam mai kaurin wajen milimita 6. Na ɗora inji a kan katako, na ga ya zauna da kyau a ido, na huda ramuka, na ɗaure. Sai daga baya na tuna da sarƙa. Haƙoran giyabos da na tayar baya sun saɓa da ɗan abin da bai kai kaurin fensir ba. Na ce ai ba komai. Kafin wata biyu sarƙar ta cinye gefen haƙoran, tana kuka kamar injin markaɗe, ga tayar baya da na ɗan karkata don in rufe laifina tana jan babur ɗin gefe. Farantai huɗu na zubar.

Tun ran gini tun ran zane. Daga baya ake farowa, ba daga inji ba. Ka sa tayar baya a tsakiyar firam, ta yi layi ɗaya da ta gaba; zare biyu ko dogon ƙarfe miƙaƙƙe sun isa. Sannan ka kawo giyabos, ka daidaita haƙoransa da na taya. Sannan inji, ka daidaita haƙoransa da na kuloci, domin a nan ma akwai wata gajeriyar sarƙa. Duk giɓin da ya rage tsakanin faranti da firam, ka sa a yanko maka ƙarfe daidai awonsa, ba tarin zoben da ake sa wa noti (washer) ba. Ka fara yin farantan da kwali mai ƙarfi, daga nan falankin katako, sai komai ya zauna kafin ka taɓa alminiyam. Ramin giyabos kuma dogo ake yi, saboda da matsar da giyabos ɗin ake ɗaure gajeriyar sarƙar, kuma duk ranar da ka matsar da shi sai ka sake duba ta baya.

Injin ya matso gaba ya yi ƙasa iyakar yadda firam zai bari, don nauyi ya hau tayar gaba. Sai dai ka tabbata murfin ƙasan inji yana ciruwa, kuma hannunka yana kaiwa ga murafen bawul a sama.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ke haɗa kan inji da wuyan firam. Mutane na raina shi, wasu ma su bar shi a akwati. Shi ne ke tokare wuyan Featherbed. Fistin biyun Triumph tare suke hawa tare suke sauka, jijjigarsu ba ta wasa ba ce, in babu tokarin nan bututun gaba suna iya tsagewa. Ka yi shi da ƙarfe mai kyau.

Ban san tarihin injinka ba, amma in ya daɗe a ajiye kada ka yi ɗokin tayar da shi. A cikin karanshaf akwai wani bututu da ke tara dattin baƙin mai, in ya toshe mai ba ya isa inda ya kamata, sai ka ji inji ya buga. Buɗe shi aiki ne, na sani, amma ya fi sayen wani inji. Baƙin man kuma ba a cikin inji yake zama ba, tankinsa daban, da tiyo biyu, na zuwa da na komowa. Ranar farko da ka tayar, buɗe murfin tankin ka zuba ido har ka ga mai yana dawowa. In bai dawo ba, kashe nan take.

Makanikinka na unguwa, komai gwanintarsa a kan Boxer da Jincheng, ka hana shi sa sifanarsa a notin nan. Awon Ingila na da ne, irin su Whitworth, sifanar milimita sai dai ta murje kansu, kuma ba za ka samu madadinsu a kasuwa da sauƙi ba. Nemi saitin sifanarsa tun yanzu. Wutarsa ma a juye take: in ba a canza wayoyin ba, bangaren fositif na batir ne ke zuwa jikin firam.

Sai abin da ya kusa kai ni kwata ranar gwaji. Giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, akasin abin da ƙafarka ta saba. In giyabos ɗin Triumph ne, giya ɗaya ƙasa take. In na Norton ka sa, sama take. Ka nemi fili babu kowa ka yi ta zagaye kafin ka hau titi.

Turo hoton firam ɗin daga sama, da lambar da ke jikin injin ta gefen hagu ƙarƙashin silinda, sai in gaya maka irin farantin da za ka nema.